RAID 1, 5, 6 ko 10: wanne ya dace da sabar ofishinka?

Duk mai shirin sayen saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita) ko akwatin NAS (akwatin ajiyar bayanai da kwamfutoci ke amfani da shi tare) don ofis, makaranta ko asibiti, da wuya ya bar shago ba a tambaye shi wane RAID yake so ba. Sunan ya shahara ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na jami'ar Berkeley suka fitar a 1988. Manufar ita ce a haɗa fayafai da yawa su yi aiki kamar guda, ta yadda idan ɗaya ya mutu bayanai ba za su bi shi ba.

RAID 0 ba ya cikin wannan alkawari. Sauri kawai yake bayarwa, faifai ɗaya ya lalace komai ya tafi. Cire shi daga lissafi.

RAID 1 fayafai biyu ne, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a rubuta a ɗayan. Ka sayi 8TB guda biyu, 8TB za ka mora. Ƙaramin ofis ba ya bukatar fiye da haka, kuma gyaransa ba ya cin rai.

Inda ake kai ruwa rana shi ne akwati mai gurbi huɗu. Da fayafai huɗu na 8TB, RAID 5 zai ba ka 24TB, RAID 6 da RAID 10 kuwa 16TB kowanne. Ido zai fi karkata ga 5, amma mutuwar faifai ɗaya kawai yake jurewa, don haka a duba ranar da faifai zai mutu. Ka sa sabo, dole na'urar ta karanta duk 24TB ɗin da ke kan ukun da suka rage don ta sake gina shi. Ko da gudun 150MB a daƙiƙa, cika 8TB zai ci kusan awa 15, in kuma ma'aikata na kan sabar, ya iya kai kwanaki. Duk tsawon wannan lokaci ba ka da sauran kariya. Ga shi yawanci fayafan rana ɗaya aka saye su, aiki ɗaya suka sha, zafi ɗaya suka sha. Tsufansu ma tare yake zuwa. Shi ya sa ni dai ba na ba da shawarar RAID 5 a kan manyan fayafai.

RAID 6 yana jure mutuwar kowane biyu. RAID 10, wanda ke haɗa fayafan biyu-biyu kamar RAID 1, ya fi shi saurin rubutu da saurin farfaɗowa, don haka ya fi dacewa da manhajar lissafin kuɗi ko rajistar marasa lafiya da ake rubutu a kanta duk yini. Sai dai idan biyun da suka mutu abokan juna ne, an yi asara. Don tara takardu da hotuna da bidiyo, ɗauki 6.

Kafin ka biya, tambayi ko faifan CMR ne ko SMR, wato hanyoyi biyu na rubuta bayanai a kan faifai. A 2020 ta fito fili cewa wasu fayafan WD Red na kamfanin Western Digital na SMR ne, irin da ke jan ƙafa sosai wajen sake gini, daga baya kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Katin RAID kuma, wato na'urar da ake sakawa cikin saba don ta sarrafa fayafan, yana da kyau idan yana da batirinsa, amma ranar da ya ƙone sai ka nemo irinsa, abin da ba lallai a samu a kasuwar kusa ba. Da mdadm ko ZFS, manhajojin da ke yin aikin RAID ba tare da kati ba, sai kawai a mayar da fayafan kan wata kwamfutar. UPS kam, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta yanke, dole ne a inda ake ɗauke wuta ba sallama, domin yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya rikita tsarin.

Sauran kuɗin a ware shi don kwafi na daban. Ma'aikaci ya goge fayil, ko cutar kwamfuta ta kulle shi tana neman kuɗin fansa, RAID zai aiwatar da hakan a kan dukkan fayafan nan take. A Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVH mai ba da hayar sabobi a Strasbourg ta Faransa, wasu da kwafinsu ke wuri guda da sabarsu suka rasa duka biyun. Idan aljihu bai kai ba, gara RAID 1 da faifan waje da ake kwafewa a kai wani gini duk mako, da RAID 6 shi kaɗai. Lokaci zuwa lokaci kuma a buɗe kwafin, a gwada dawo da fayil ko da guda ne.