Wata shida muna zuwa wajen mai koya wa yara magana a Gombe

Autana ya cika shekara biyu da wata huɗu kalmominsa ba su wuce biyar ba: Mama, Baba, a'a, "mam" in yana son ruwa, sai "pipi" in mota ta wuce. Sauran duk da hannu ne. Zai kama zanina ya ja ni har gaban randa ya tsaya yana nuni.

Kowa a gidanmu na Pantami da nasa fashin baƙin. Inna, surukata, ta ce nauyin baki ne kawai, ubansa ma haka ya yi, kuma dama maza sun fi jinkiri. Maƙwabciyata ta ce linzami ne ya riƙe harshen, a kira wanzami. Ƙanwar maigidan kuwa ta ce mu muka rikita yaron, ni da Hausa, Inna da Fillanci. Wata ma'aikaciyar jinya a wurin rigakafi ce ta yi mini kwatancen wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta a cikin gari, inda wata mata take aikin gyaran maganar yara. Na bar sunan wurin, domin ina da ƙorafe-ƙorafe, matar kuma ta yi mini halacci.

Ranar farko na ɗauka za ta zaunar da shi ta ce "ce ba, ce ma". Ni ta titsiye kusan awa guda. Ya yi shawara bayan haihuwa? Ya taɓa ƙyanda ko sanƙarau? Kunnensa yana ciwo ko zubar da ruwa? Awa nawa yake yi da waya a rana? A wannan ta ƙarshe na ɗan yi ƙarya, ta kalle ni ta yi murmushi, na gyara. Sai ta zauna a tabarma tana kallon wasansa: yana waiwayowa in an kira sunansa, yana kallon ido, yana nuna mini abu don in gani, yana ba 'yartsana abinci da cokali. Ta ce waɗannan ne suke dubawa kafin su yi tunanin galahanga, wato lalurar da ake kira autism da Turanci, kuma ba ta ga abin da zai ɗaga hankali ta nan ba.

Ma'aunin da ta ba ni na rubuta a bayan katin rigakafinsa. Ɗan shekara ɗaya ya kamata yana gwaranci, yana ɗaga hannu, yana nuni. Ɗan shekara biyu yana da kalmomi wajen 50, ya fara haɗa biyu, kamar "ba ruwa". A shekara uku baƙo ya fahimci mafi yawan abin da yake faɗa. Nawa yana da biyar.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne ta ƙi karɓar kuɗin zama na gaba. Ta ce, "Hajiya, ba zan koya wa yaron da ban san ko yana ji na ba. Ki kai shi a gwada kunnensa tukuna." Na yi musu, na ce ai yana jin ƙarar Keke Napep tun daga bakin layi. Ta ce jin ƙara daban, rarrabe "kaza" da "taza" daban. Muka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, aka gano ruwa ya taru a bayan dodon kunnuwansa duka biyu. Babu ciwo, babu zazzaɓi, shi ya sa ban taɓa zargi ba. Likita ya ce yaron yana jin magana ne kamar wanda ya toshe kunne da yatsu, kuma irin wannan ruwan yakan janye da kansa cikin wata uku, in ya ƙi sai a sa ɗan bututu. Nasa ya janye. Na daɗe ina tuna sau nawa na daka masa tsawa a kan ba ya jin magana.

Batun linzami ba ta ɓata minti biyu a kai ba. Ta shafa masa zuma a leɓe, ya zaro harshe ya lashe. Ta ce ko da akwai linzamin, abin da zai iya taɓawa furucin wasu sautuka ne, ba ya hana yaro tara kalmomi. Harshe biyu ma ba ya jawo jinkiri, a haɗa na Hausa da na Fillanci a ƙirga tare. Inna ta fi kowa jin daɗin wannan, ta yi kwana uku tana maimaita wa 'yarta.

Zaman kansa minti 40 ne, sau ɗaya a mako, kuma gaskiya ni ake koya wa. Ta nuna mini cewa ni ce ba na ba shi fili: kafin ya buɗe baki na miƙa masa abin da yake so. Sai ta ce in riƙe kofi da ayaba, in tambaya "ruwa ko ayaba?", in yi shiru in ƙirga biyar a zuciya. Shirun nan ya fi komai wuya. In ya ce "mam", kada in ce ba haka ba ne, in ce "ruwa, ga ruwa". In ya kawo kalma ɗaya in ƙara masa ɗaya. In daina "ka ce, ka ce". In riƙa faɗin abin da nake yi lokacin wanka da girki, ko da zan yi kama da mai sambatu. Batun waya kuwa, ta kawo mini shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa ɗan ƙasa da shekara biyu ba a ba shi, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mun yi mako guda ana kuka a gidan.

Yanzu ƙorafina. Katunan hotunan da take amfani da su daga waje aka kawo, da Turanci a ƙasa: tuffa, dusar ƙanƙara, wani kare sanye da riga. Yaron da bai taɓa ganin waɗannan ba, me zai ce? Sai da na fara zuwa da buta da ludayi da ƙwarya daga gida, nan take ya fi sakin jiki. Ita ma ta amince, amma har yau katunan suna nan. Na biyu, ita kaɗai ce. In ta yi tafiya aiki ya tsaya, kuma sau biyu na biya kuɗin keke cikin rana na tarar da ƙofa a rufe ba a kira ni ba. Na uku, kuɗin zama ɗaya ya kai cefanen gidana na kwana uku, babu ragi ga mai biyan na wata. Na roƙi rubutaccen rahoto in kai wa malamar makarantar da zan sa shi, har yanzu ina jira. Da zan sake farawa, sau biyu a wata zan riƙa zuwa, in yi sauran a gida.

Yanzu yana da shekara biyu da wata goma. Na daina ƙirga kalmomin da suka haura 60. Baƙo bai cika gane shi ba tukuna, "r" ba ta fita, "kaza" har yau "taza" ce, mai gyaran maganar ta ce wannan da sauran lokaci. Shekaranjiya da safe Inna tana dama fura, ya je ya dafa gwiwarta ya ce, "Inna, ban kosam." Rabi Hausa, rabi Fillanci. Ta zuba masa nonon har ya kusa zubewa, ta ɗaga murya tana kiran 'yarta ta zo ta ji.