Mai tallar kayan jita "na asali daga Amurka" ya cinye min naira 227,000

Jama'a, akwai wani azzalumi da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp na makaɗa da masu gyaran kayan sauti, yana cewa shi ke shigo da kayan jitar lantarki na asali daga Amurka. Ƙarya yake yi. Ɗan damfara ne, ya cinye min naira 227,000, kuma yanzu haka da nake wannan rubutu tallarsa na nan tana yawo da sabuwar lamba. Naira 227,000. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Tun kafin wani ya fara ce min ai ni na so, bari in yi bayani. Ni kafinta ne, da katako nake ci nake sha, kuma ba yau na fara sayen kaya daga nesa ba. Jitar nan da hannuna na sassaƙa gangar jikinta a gida, bayan na tashi daga shago. Samfurin Telecaster na bi, irin wadda Leo Fender ya fitar a farkon shekarun 1950, domin ita ce mai sauƙin kai ga wanda ba shi da manyan injina: katako shimfiɗaɗɗe, fikof biyu, wuyan kuma sukurori huɗu ne ke riƙe shi. Madaci na samu, busasshe ƙarau, kaurinsa milimita 45. Wanda ya san madaci ya san ƙofofin jikinsa a buɗe suke, idan ba ka cike su ba fenti zai yi ta nutsewa. Na cike, na bi da samfefa tun daga lamba 120 har 400, na fesa, na bari ya bushe, na sake gogewa, na sake fesawa. Da hunturu fa, ƙura ko'ina, sai da na rataye ta a ɗakin da na toshe tagoginsa da leda. Da ta gama bushewa kana iya ganin fuskarka a jikinta.

Abin da ba zan iya yi da hannuna ba shi ne fikof, wato maganaɗisu mai naɗin waya da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa amfilifaya, da kuma wuya mai ƙarafuna, waɗanda ke gicciye a jikinsa inda ake danna tsirkiya. Su na fita nema na faɗa hannun wannan mutumin.

Ku ji abin da ya sa na yarda da shi, don shi ne abin da ke hana ni barci. Ban ce masa komai a kan awo ba. Shi ya fara tambayata: "Maigida, tsawon tsirkiyarka daga kai zuwa jaki nawa ka yanka? 648 ko 628?" Wallahi haka ya ce. Kai shi ne inda tsirkiya ke tasowa a saman wuya, jaki kuma ƙarfen da ke riƙe ta a gangar jiki. Duk wanda ya san wannan tambaya ya san jita. Milimita 648 awon jitocin kamfanin Fender ne, inci 25 da rabi, 628 kuma na kamfanin Gibson ne. Na ce masa 648. Ya ce to madalla, wuyan da ke hannunsa daidai ne, kuma kada in kuskura in sa wa fikof mai naɗi ɗaya maɓallin ƙara na 500k, in nemi na 250k, in ba haka ba sautin zai yi tsini. Wannan ma gaskiya ce. Ku faɗa min, wane ɗan damfara ne ke ba ka shawarar maɓallin ƙara? Waye a cikinku zai ji wannan ya ce ɓarawo ne?

Kuma ban tsaya nan ba. Na ce sai na gani da idona. Ya kira ni ta bidiyo, ya ɗauko fikof ɗin da ake sawa kusa da jaki, ya ɗora masa wayoyin mita a gabana, ta nuna 7.2k, alamar naɗin wayar da ke cikinsa yana da rai. Na gani. Ya juya shi, ya nuna min ƙasansa, ya ce alniko ne, wato nau'in maganaɗisu mai tsada, sandunan shida su ne maganaɗisun da kansu. Ya ɗauko sukundireba ya taɓa ɗaya, na ji ƙarar mannewa ƙwas. Ina ta maimaita wannan bidiyon a kaina, 7.2k, da muryarsa yana cewa "Maigida, ni ma makaɗi ne, ba zan cuce ka ba." Ni ma makaɗi ne. Haka ya ce.

Na tura naira 185,000. Wuya, fikof biyu, kunnuwan ɗaure tsirkiya shida, da wayoyi. A'a, kafin in tura ma sai da na tambaye shi dalilin da ya sa sunan asusun ya bambanta da nasa, ya ce na matarsa ne, nasa an tsayar saboda matsalar BVN. Wa bai taɓa jin an tsayar wa mutum asusu a ƙasar nan ba? Ya turo min hoton katin shaida, ya turo hoton shago cike da jitoci a rataye. Daga baya ne wani ɗan'uwa ya nuna min wannan hoton shagon a shafin wasu mutane can daban da ba su ma san da zamansa ba. Amma wannan daga baya ne.

Sai maganar kwastan. Wannan ta zo ne bayan ya ce kaya sun taso, ko kuwa kafin ya turo lambar direban? Duk saƙonnin suna nan, zan ɗora su a jere ku gani da kwanan wata. Ya ce kwalin da wuyan ke ciki an riƙe shi, sai an biya naira 42,000, shi kuma kuɗinsa sun maƙale a wasu kayan. Na ce masa ai a bidiyo na ga kayan a hannunka. Ya ce wancan na wani ne da ya riga ni biya, nawa irinsa ne sak. Kuɗina 185,000 suna hannunsa, me kuke so in yi? In bar 185,000 saboda 42,000? Na tura. 185,000 da 42,000, shi ne 227,000. Rabin kuɗin nan adashin uwargida ne, na karɓa da alkawarin zan mayar kafin kwasarta ta gaba.

Kuma kaya sun zo, wannan ne ya fi ƙona min rai. Da bai turo komai ba da na san sata ce tsagwaronta. Na je tasha na karɓi kwali, na biya kuɗin mota daga aljihuna, na kawo gida ina murna, har na kira yaran shago su zo su gani.

Na fara da wuyan. Na ɗora tef daga kai zuwa ƙarfe na 12. Kowa ya sani ƙarfe na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya daidai, in tsawonka 648 ne dole ka ga 324. Na ga 314. Na sake aunawa, 314. Wuyan 628 ya turo min, mutumin da shi da bakinsa ya tambaye ni awo! Ma'anarsa ko na ɗaura shi jitar ba za ta taɓa daidaita ba, duk inda ka danna ƙarya za ta yi, sai dai in cike ramukan jaki in matsar da shi, in kankare fentin da na sha wahalarsa. Na sa makulli a sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake miƙar da shi da ita in ya lanƙwashe, sai juyawa take yi ba ta kama komai. Bakin ƙarafunan kuma duk sun fito, na shafa sai da suka yanke min yatsa.

Fikof ɗin jaki na ɗora masa mita, shiru. Ko motsi ba ta yi ba, naɗin a tsinke yake. Ina 7.2k ɗin? Na wuyan ya nuna rai, amma da na juya shi sai ga baƙin maganaɗisun siramik an manna da gam a ƙasa, sandunan kuma ƙarfe ne kawai. Siramik ba laifi ba ne in an faɗa maka shi ne, ana samunsa da araha. Ni kuɗin alniko na biya. Sunan kamfanin da ke jiki ma sitika ce, na sa farce ta ɓare. Yaran shago suna tsaye suna kallona, babu wanda ya ce uffan, su da dama suke ganin gara in yi gado da kujera da wannan lokacin.

Na kira shi. Da farko ya ɗauka, ya ce yaronsa ne ya haɗa kwalin ya yi kuskure, in yi haƙuri, in mayar zai canja, amma in turo naira 15,000 na mota. Ka ji rainin hankali. Da na ce ya fara maido min da 42,000 na kwastan ɗin ƙarya, sai ya toshe ni ko'ina, ya yi layar zana. Shafin ma ya canja masa suna. Na kai ƙorafi banki da rasit biyu, na 185,000 da na 42,000, na kuma kai rahoto wurin hukuma. Tun da na fara magana mutum biyu sun same ni ta akwatin saƙo, labarinsu iri ɗaya da nawa, har da tambayar 648 ko 628. Ashe haddace ta ya yi, da ita yake farauta.

Hotunan hirarmu, rasit, saƙonnin muryarsa, hoton tef a kan 314, da mita a kan mataccen fikof, duk zan ɗora su da zarar na rufe sunan matar da ke kan asusun, don ban tabbatar ko ta san abin da ake yi da sunanta ba.

Kada ku biya kafin kaya su zo hannunku. In sunan asusu ya saɓa, ku tsaya. In an ce kwastan bayan kun biya, ƙarya ce. Ku je tasha da tef da mitarku, ku auna a gaban direba.

Wanda duk mutumin nan ya cuta ya yi min magana, mu haɗa rasit ɗinmu wuri ɗaya mu kai tare. Naira 227,000 nake binsa, kuma sai ya amayo su.