Asibitin Idon da Na Kai Mahaifina a Agege

Tun bayan ƙaramar salla mahaifina yake laluben takalmansa a ƙofar masallaci da zarar an idar da magariba, ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, shi ya sa na kai shi wani ƙaramin asibitin ido a Agege.

Jira ya yi yawa, domin mun shafe awa uku a kan benci, amma likitar ta biya mu da bayani. Ta ce dundumi, wato rashin gani da dare, kan samo asali daga ƙarancin bitamin A, ko yanar ido, ko ciwon suga, wani lokaci ma gadonsa ake yi, ita kuwa cutar shawara, mai mayar da ido ruwan ɗorawa, alama ce ta taruwar sinadarin bilirubin a jini, wanda ciwon hanta, toshewar hanyar maɗaciya ko sikila kan haddasa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta haɗa biyun: a hanta jiki yake adana bitamin A, saboda haka idan ta kamu, gani da dare kan raunana.

Ba ta sayar mana da tabarau ba. Ta ce, "Baba, a fara da gwajin hanta," ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti.