Fulat ɗin ya yi kyau, amma ruwan maƙwabci ya jiƙa mana rai

Da a watannin farko na rubuta wannan sharhi, da taurari biyar zan ba ginin nan ba tare da na tsaya tunani ba. Muna can hawa na sama, bangon falo gilashi ne tun daga ƙasa har silin, da magariba kana zaune gari duk ya kunna fitilu a ƙarƙashinka. Akwai wurin ninkaya a saman bene, da ɗakin motsa jiki, da ma'aikaci a ƙofa dare da rana. Unguwar kuwa ita ake yayi yanzu, tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya duk sun koma wuraren shan kofi da shagunan ƙawa, da ƙafa kake isa tashar jirgi. A nan dillali bai yi min ƙarya ba.

Wani dare na farka da ƙarar ɗis-ɗis daga kicin. Ina kunna wuta sai na ga ruwa yana zubowa ta ramin fitilar silin, fentin ya kumbura ya yi tumbi, katakon ƙasa kuma yana ƙyalli har bakin falo. Maigidana ya kashe wutar ɓangaren daga akwatin lantarki, ni kuma na kira ƙasa. Yaron da ke aikin dare ya hau nan take, ya wuce fulat ɗin da ke samanmu, ya yi ta ƙwanƙwasa, shiru. Ashe mai wurin ba ya ƙasar ma. Haya yake bayarwa ta kwana biyu ko uku ta manhajar waya, baƙin ƙarshe sun tafi tun da yamma, tiyon injin wanki ya fashe ba kowa a ciki.

Akwai makullin ko-ta-kwana a ofis, amma ba ya taɓuwa sai da izinin manaja, wayar manaja kuwa tana ta ringi. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Ranki ya daɗe, shiga dai ba ni da iko, amma zan iya rufe ruwan layin nan gaba ɗaya, ko da safe za a yi min faɗa." Ya buɗe wata ƙaramar ƙofa a farfajiya da ban taɓa lura da ita ba, ya murɗa makunnin da hannu biyu har zuba ta tsaya, sannan ya dawo ya ɗauki mofa ya taya mu. Allah Ya saka masa. Idan akwai abin da ya cancanci kuɗin hidimar da muke biya duk wata, shi ne.

Mai gyaran famfo ne ya fahimtar da ni abin da ya faru. A dogon bene, inji ne ke tura ruwa sama, kuma duk mita 10 na tsayi yana buƙatar ƙarin matsi kusan "bar" ɗaya (ma'aunin matsin ruwa ke nan), don haka ake sa na'urorin rage matsi a hanya. Tiyon roba da ke bayan injin wanki yana ɗauke da wannan matsin dare da rana ko ana wanki ko ba a yi, shi ya sa ake ba da shawarar canza shi kamar duk shekara 5. To wa ke dubawa? Babu. Abin da ke cikin fulat na mai fulat ne.

Nan ne ciwon kan ya fara, domin sai a ranar na san ainihin abin da muka saya. Kankaren da ke tsakaninmu da na sama na kowa ne, manyan bututun cikin bango na kowa ne, inshorar gini ce ke da su. Katakon da muka sa, da kabad ɗin kicin, da kayanmu, wannan inshorarmu ce. Tiyon da ya fashe kuma na maƙwabci. Kamfanoni uku ke nan, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara amsa laifi, ruwa kuma yana kwance a cikin silin. Fumfuna tana iya fara tsirowa a jiƙaƙƙen bango cikin awa 24 zuwa 48, su kuwa saƙon imel suke ta yi wa juna. Da warin ya fara tashi, mu muka kira masu yanka silin da kuɗinmu. Aka jera fankoki da injin tsotse danshi suna ruri ba dare ba rana, muna barci a ɗaki guda da tukwanenmu a kwali.

Gyaran da aka yi daga baya, in faɗi gaskiya, ya yi kyau, ba ka gane wurin da aka yanka. Har zuciyata ta fara sanyi, na ce taurari huɗu, tsautsayi ne ai.

Sai ga wasiƙa. Kowane mai fulat zai biya wani kuɗi na musamman, ban da na wata-wata, don a canza na'urorin rage matsi da gyara rufin ƙarƙashin wurin ninkaya. Dalili? Asusun ajiyar gyare-gyare bai taka kara ya karya ba, saboda tun farko an yanka kuɗin hidima ƙasa-ƙasa don fulat su yi saurin sayuwa. Ni ban ƙi a biya ba, wallahi. Duk wanda ya tuna benen Surfside a jihar Florida ta Amurka, wanda ya rufta a watan Yunin 2021 mutum 98 suka rasu bayan an daɗe ana jan ƙafa kan gyara, ba zai yi gardamar kuɗin gyara ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne duk tsawon lokacin nan ba a taɓa fasa sabunta furannin zauren shiga ba, ba a fasa fesa turare a lifta ba. Abin da mai saye zai gani an kula da shi, abin da ke bayan bango an bar shi ya tsufa. Na sauko zuwa taurari uku, kuma a kan haka na tsaya.

Tun da na fara, bari in ƙarasa. Gilashin nan mai kyau ba ya hana kiɗan titi hawowa daren Asabar, kuma da rana falo yana ɗaukar zafi sai na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki. Tayoyin akwatunan baƙi a farfajiya da tsakar dare sun zama abin da muka saba. Ranar da lifta ɗaya ta tsaya, sai ka yi layi a gidanka.

Wanda ke shirin saye, kada ya tsaya a kallon taga. Ya nemi takardun zaman kwamitin masu gidaje ya karanta, ya tambayi nawa ke cikin asusun ajiya, ya tambayi fulat nawa ne masu su ke kwana a ciki. Mu da aka kawo shawarar hana hayar kwana-kwana, ba a ma samu adadin mutanen da za a kaɗa ƙuri'a ba, domin yawancin masu fulat ɗin ba a nan suke zaune ba. An ɗage zuwa zama na gaba. Na saman namu har yau yana karɓar baƙi, kuma na tambayi ofis ko ya sa tiyo mai kyau, aka ce min wannan cikin gidansa ne.