Sparse, Smatch ko Coccinelle: wanne za ka riƙe idan kwamfaila ta fara ƙorafi kan kmalloc?

Duk mai rubuta direba (shirin da ke sarrafa wata na'ura) a kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya san ranar da zai buga make W=1, umarnin gina kanel da ƙarin gargaɗi, gargaɗi ya cika masa allo. Tambayar ita ce da wane kayan aiki za ka tantance na gaske daga hayaniya. Sparse, Smatch da Coccinelle kayan binciken kurakurai ne a rubutun shiri; kmalloc kuwa aiki ne (function) da ake kira don neman memori a kanel.

GCC, kwamfailar da ke mayar da rubutun shiri zuwa yaren na'ura, ita kanta ta ƙara wayo. Tun sigar 14 ta 2024 tana da -Walloc-size, wadda ke kama ka idan ka rubuta sizeof(p) maimakon sizeof(*p), wato ka nemi bayit 8 na manuni (pointer) alhali tsarin da yake nunawa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ka bar ta a kunne, amma kada ka tsaya nan. Sparse, wanda Linus Torvalds ya fara a 2003, ana kiransa da make C=1; yana gane idan ka juya girma da GFP_KERNEL (tutar da ke faɗin yadda za a nemo memori) wajen kiran kmalloc, sai dai ganinsa bai da nisa. Coccinelle na masu gyaran ɗaruruwan fayiloli ne lokaci guda.

Ni dai Smatch nake bi, na Dan Carpenter, kuma ina da dalili. Na taɓa kiran kmalloc da GFP_KERNEL a wani aiki, ashe wanda ya kira shi daga wani fayil yana riƙe da makullin da ake kira spinlock. GFP_KERNEL na iya barci, wato ya dakata jiran memori, barci kuma haramun ne a wannan hali. Kwamfaila ba ta ce uffan ba. Kwana uku na'ura tana sandarewa ina lalube a duhu. Smatch yana gina rumbun bayanan wa ke kiran wa, ya bi sawun makullin daga fayil zuwa fayil, ya nuna maka layin. Yana kuma kama memorin da ka manta ba ka saki ba a hanyar kuskure, da manunin da ka taɓa kafin ka duba ko NULL ne. Gina rumbun na cin lokaci, amma ya biya kuɗin sabulu.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin bogi da ake yawo da shi. Wani zai ce ka sa -w (mai toshe duk gargaɗi) ko ka kashe CONFIG_WERROR (mai mayar da gargaɗi kuskure), kamar rufe bakin mara lafiya ne warkewa. Wani zai ce ka liƙa __force don Sparse ya yi shiru. Wani ya mayar da komai GFP_ATOMIC, tutar da ba ta barci, yana cinye ajiyar gaggawa, ranar matsi kuma a hana shi. Mafi muni: gargaɗi ya ce aikinka ya haura bayit 2048 a sitak (wurin ajiyar wucin gadi na aiki), sai a ce ka sa wa jerin (array) da ke cin wurin static, ya zama kwafi ɗaya na kowa. Gargaɗin ya ɓace, amma yanzu masarrafai biyu na rubutu wuri ɗaya. Sitak ɗin kanel a x86_64 kilobayit 16 ne kacal. Ka ɗauko jerin da kcalloc, ka duba abin da ya dawo, ka sake shi da kfree.