Shagon gyaran kwamfuta a titin Beirut: yadda suka yi da allona da ya ƙi nuna komai

Ina da ɗan shagon buga takardu a Kabuga, cikin birnin Kano, kuma kusan duk abin da nake samu yana fitowa ne daga tsohuwar kwamfutar tebur guda ɗaya da na saya ta hannu shekarun baya. Wata safiyar Litinin, ana tsakiyar hunturu, na danna maɓallin kunnawa kamar yadda na saba, fanka ta tashi, fitilar gaban akwatin ta kama, amma allon bai nuna komai ba sai rubutun "No Signal" da ya ɗan yi yawo, sannan ya yi baƙi ƙirin, fitilarsa ta koma ruwan lemo. A cikin kwamfutar akwai aikin kammala karatu na ɗalibai uku da na yi alkawarin miƙawa a wannan makon, kuma ban kwafe ko ɗaya daga ciki a wani wuri ba, wanda laifina ne ni kaɗai.

Kafin azahar na samu shawara iri biyu. Maƙwabcina mai kwafin takardu ya ce Windows ce ta mutu, sai an yi fomatin, wato a goge komai a sake ɗora ta. Wani mai gyara da na kira a waya, wanda bai ga kwamfutar ba balle ya buɗe ta, ya yanke hukuncin cewa madabod, wato babban faifan da duk sassan kwamfuta ke haɗe a jikinsa, ya ƙone, har ya faɗa mini kuɗin wani. Shawarar farko tana nufin asarar aikin mutane, ta biyu kuma tana nufin kuɗin da ya kusa kai na sayen wata kwamfutar. Wani abokina ne ya kwatanta mini wani ƙaramin shago a saman bene a titin Beirut, inda masu sayar da kwamfuta da wayoyi suka yi yawa, kuma a kan wannan shago nake wannan rubutu.

Abin da ya fara burge ni ya faru ne tun kafin in bar Kabuga. Da na kira mai shagon, bai faɗi abin da ya lalace ba, sai ya ce in haɗo da allon da wayar da ke haɗa shi da akwatin da kuma wayoyin wuta, kada in ɗauko akwatin shi kaɗai. Dalilinsa shi ne, mutane da yawa sukan sha wahalar ɗauko akwati a adaidaita sahu, ya kunna shi da allon shago ya ga lafiyarsa ƙalau, su koma gida su tarar da matsalar tana nan, domin tun farko a waya ko a allo take. Ya kuma tambaye ni abu uku: ko kwamfutar tana yin ƙara idan an kunna, ko tambarin kamfanin da ya ƙera ta yana fitowa kafin allon ya yi baƙi, da kuma ko ƙaramar fitilar Caps Lock tana kamawa idan na danna maɓallin a kibod. Amsata a duka ukun ita ce a'a.

Sai dai zuwan nawa bai fara da daɗi ba. Mun yi da shi ƙarfe tara na safiyar Talata, amma yaron shagon kaɗai na tarar yana shara, mai gidan bai iso ba sai wajen sha ɗaya saura. Wurin zama benci ɗaya ne, rabinsa kuma tsofaffin firintoci sun cinye, ga ƙarar janaretan maƙwabta da ke sa dole a riƙa ɗaga murya. Da ya iso ya ba ni haƙuri, ya ce ya biya ɗauko kaya ne, amma wanda ya rufe shagonsa ya fito ya san tsadar sa'a biyu.

Da ya zauna kan aikin ne na ga bambanci. Bai taɓa sukundireba ba sai da ya gama da abubuwan waje. Ya jona allona da wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hanyar wayar allon da na zo da ita, hoto ya fito nan take, ya ce to allo da waya sun fita daga zargi. Ya ɗaga kan wayar zuwa haske, irin shuɗiyar nan ta VGA mai ƙananan allurai 15 a jeri uku, ya nuna mini cewa ɗaya daga cikinsu ta ɗan karkace, ya miƙar da ita da bakin hantsaki, ya ce ba a nan gizo yake saƙa ba, amma in sa mata ido. Na tambaye shi batun fomatin da aka ce mini, sai ya yi murmushi ya ce: "Alhaji, tambarin da kake gani da zarar ka kunna ba daga Windows yake ba, daga BIOS yake, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan madabod. Idan ko tambarin bai fito ba, kwamfutar ba ta ma kai ga neman Windows ba, don haka ko sau goma aka goge ta ba abin da zai canza, ban da cewa ba a iya yin fomatin a allon da ba ya nuna komai." Ya ƙara da cewa akwai wani baƙin allon da ke zuwa bayan tambari ya fito, wani lokaci har ana ganin kibiyar linzami tana yawo, wannan shi ne wanda ake zargin manhaja, kuma sau da yawa danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana farfaɗo da hoton. Nawa ba irinsa ba ne.

Bayanin da ya yi mini game da abin da ke faruwa a daƙiƙun farko na kunna kwamfuta shi ne mafi amfanin abin da na baro shagon da shi. Kafin ta nuna komai, kwamfuta takan yi wa kanta ɗan bincike da ake kira POST, ta duba furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, da sashen da ke fitar da hoto. Idan ɗaya daga cikinsu bai amsa ba, sai ta tsaya cik, fanka tana juyawa, fitila tana ci, amma ba hoto. Tun da ba ta da allon da za ta rubuta kokenta, sai ta yi magana da ƙara ko da ƙyaftawar fitila, kuma kowane kamfani da nasa tsarin, ta yadda adadin ƙarar da ke nufin RAM a wata kwamfutar yana iya nufin wani abu dabam a wata. Shi ya sa, in ji shi, ba ya haddace su, littafin kowace na'ura yake dubawa.

Ya cire wayar wuta, ya danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 20 don sauran wutar da ta maƙale ta fita, sannan ya buɗe murfin. Kunya ta kama ni da na ga cikin. Ƙurar hunturu ta yi kauri a kan fankar furosesa kamar audugar katifa, ta kwanta ja-ja a kan madabod, har da gawar kyankyaso a kusurwa. Ya taɓa ƙarfen akwatin da hannunsa tukuna, ya buɗe maƙallan gefe, ya zare sandunan RAM guda biyu ya ajiye a kan takarda, ya mayar da wuta ya kunna kwamfutar babu RAM ko ɗaya. Nan take ta fara kuka, ƙara bayan ƙara. Ya juyo ya ce: "Ka ji ko? Madabod ɗin da ya ƙone ba ya kuka. Wannan da ransa, yana cigiyar RAM ɗinsa ne." Ban taɓa jin daɗin ƙarar na'ura kamar wannan ba.

Daga nan ya ɗauki farar kilina irin ta 'yan makaranta, ya goge haƙoran zinaren da ke ƙasan kowace sanda a hankali, gefe da gefe, ya kaɗe burbushin da buroshi mai laushi, ya share ramukan da suke shiga. Ya sa sanda ɗaya kaɗai, ya danna har maƙallan suka ce ƙas, ya kunna, sai ga tambari, sai ga Windows, sai ga fayilolin ɗalibaina a inda na bar su. Da ni ne da a nan zan rufe murfi in yi hamdala, amma shi bai tsaya ba. Ya kashe, ya cire ta farkon, ya sa ta biyun a ramin da ya tabbatar yana aiki, allo ya sake yin baƙi. Ya mayar da mai kyan cikin ɗaya ramin, hoto ya dawo. Da wannan musanye ya nuna mini a gabana cewa ramuka biyun lafiya suke, sanda ɗaya ce ta mutu, kuma ita ce ta hana 'yar'uwarta aiki. Gani ya kori ji, ba sai ya rantse mini ba.

Ana cikin haka wani matashi ya shigo ɗauke da akwatinsa a kafaɗa, gumi yana zuba duk da sanyin gari, ya ce tun da suka sauya ɗaki allonsa ya daina nuna hoto. Mai gyaran ya leƙa bayan akwatin, ya tambaye shi a wace kafa yake jona wayar, matashin ya nuna ta sama, kusa da inda ake sa kibod. Sai ya nuna masa wasu kafofin a can ƙasa, a kwance, ya ce kwamfutarsa tana da katin hoto na dabam, kuma idan akwai shi, yawancin na'urori sukan kashe kafar da ke jikin madabod. Aka jona a ƙasa, hoto ya fito cikin minti biyu. Matashin ya zaro kuɗi, mai gyaran ya ce masa ya bar shi ya hau mota. Na ambaci wannan ne domin a wurin wani, wannan akwati zai kwana, washegari a ce an canza masa wani abu.

Ya gwada sauran abubuwa biyu da mitarsa. Layukan fawa-fak, sashen da ke raba wa kwamfuta wuta, sun ba da abin da ya kamata, wato bolt 12 da 5 da 3.3, ya ce kada in bari kowa ya sayar mini da wani. Ƙaramin batirin madabod kuwa, wanda ke riƙe agogo idan an kashe kwamfuta, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, wanda ya kamata ya ba da bolt 3, ya yi ƙasa sosai, kuma hakan ya warware mini dalilin da ya sa na yi watanni ina gyara agogon kwamfutar duk safiya. Aka canza shi. Sandar RAM da ya sa mini DDR3 ce mai gigabait 4 kamar wadda ta mutu, kuma bai ɓoye mini cewa ta hannu ce ba. Na tambaya ko za a sa mini DDR4 tun da ita ce ta fi sabunta, ya jera su biyun a tafin hannunsa ya nuna mini cewa tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, ɗaya haƙoranta 240 ɗaya 288, ba ta ma shiga ramin. Ya sa manhajar MemTest86 daga filashi ta gwada sandunan, muka tafi sallar azahar muka dawo, ba ta nuna kuskure ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, ban da makara. Yaron shagon ne ya fitar da akwatin bakin ƙofa ya hura shi da bulowa, ƙurar ta turnuƙe barandar da mutane ke wucewa, kuma ya bar fankar tana juyawa da ƙarfin iska har tana fito, sai da mai gidan ya daka masa tsawa ya riƙe ta da yatsa. Wannan ya nuna mini cewa ingancin aikin yana hannun mutum ɗaya, wanda ya kawo na'urarsa ba ya nan zai iya samun wani abu dabam. Haka kuma ba su da al'adar ba da rasit. Garantin mako ɗaya da ya ba ni a kan RAM ɗin da baki ne, sai da na nace sannan ya rubuta mini a bayan katin shagon ya sa hannu. Teburin aikin ma ya cika da sukurori da sassan na'urorin mutane dabam-dabam, har na riƙa ƙirga nawa da ido don kada su gauraya.

Kuɗin da na biya gaba ɗaya, da RAM da batir da ladan aiki, bai kai abin da nake kashewa a man janareta na kwana uku ba, kuma ya faɗa mini farashin kowanne kafin ya sa. Da na nemi shawararsa kan ƙara wa kwamfutar wasu abubuwa, ya ce in sayi filashi in kwafe aikin mutane a ranar, in samu ƙyallen rufe ta idan na tashi, in ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur, amma kada in zuba mata kuɗi mai yawa. Hujjarsa ita ce Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, na'ura mai shekarun tawa kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka gara in fara tarin kuɗin wata. Yana da kwamfutoci na sayarwa a jere a bayansa, amma bai nuna mini ko ɗaya ba.

Ina ba da shawarar shagon ga duk wanda akwatinsa ke tashi allo bai nuna komai ba, da sharaɗin ya kira ya tabbatar mai gidan yana nan, ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya kuma nemi a rubuta masa abin da aka canza. Mako uku ke nan kwamfutar tana aiki, ɗaliban sun karɓi aikinsu, agogo ya daina komawa baya. Shekaranjiya ne kawai farar takarda ta fara rinewa zuwa ruwan hoda a allo idan an taɓa wayar, alamar allurar nan da ya miƙar ta sake sakin layin kore. Zan koma in sayi sabuwar waya a wurinsa ranar Asabar, amma wannan karon sai bayan azahar.