Wane faranti za ka saya wa injin tace ruwan kandami?

Mu nan wajen Ringim duk mai kandamin tarwaɗa ko ɗakin kaji ya san ja da yalo, kafson nan na tetracycline mai kashe ƙwayoyin cuta, kifi ya yi kasala a barbaɗa masa, kaji sun fara zawo a zuba musu a ruwan sha. Abin da muke mantawa shi ne kaso mai yawa na maganin nan fita yake a kashi yadda ya shiga, sai mu saki ruwan ya gangara fadama ya shayar da alayyahu da latas, ƙwayoyin cuta kuma su yi ta sabawa da shi har ranar da yaro zai kwanta a ba shi magani ya ƙi ci.

To akwai injin da ke maganin wannan da wutar lantarki, kuma ba wani tsafi ba ne, tanki ne da faranti biyu a tsome a ruwa sai wuta irin ta batir, sola ma tana ja. Kuɗinka da ciwon kanka duk a farantin suke.

Mafi araha farantin ƙarfe ko alminiyam, a Ƙofar Ruwa ma za a yanko maka. Wuta na shiga ƙarfen zai dinga narkewa yana haɗa dattin ya zama laka, wani ya taso kamar kumfa wani ya kwanta, ja da yalo kuwa dama yana son manne wa ƙarfe. Amma fa ka gane, tattara maganin ya yi, bai kashe shi ba, yana nan cikin lakar. Ni na yi wautar zuba ta a gindin mangwaro wai taki, daga baya na gane kwashe shi na yi daga ruwa na kai ƙasa. Farantin kuma cinyewa yake, sai ka dinga canzawa.

Girafayit, irin baƙin nan na cikin fensir, shi ma ba tsada sai dai ya yi ta zagwanyewa yana baƙanta ruwa. Wuce shi.

Na titaniyam da aka shafe da rutiniyam ko iridiyam, wanda 'yan kasuwa ke kira MMO, shi ne zaɓina in aljihu ya yarda. Yana shekaru bai lalace ba, in akwai ɗan gishiri a ruwan sai ya mai da shi kulorin, kulorin ɗin ya farfasa maganin ya kashe ƙwayoyin cuta a tafi ɗaya. Kar dai ka mai da ruwan nan wa kifi kai tsaye, kulorin kashe su yake. Kuma kar yaron gona ya kankare shi da wayar wanke tukunya, shafen nan ne kuɗin.

Wanda aka shafa wa dalma yana aiki sosai kuma da sauƙin kuɗi, amma wallahi ko kyauta ba na so. Dalma tana iya zuba cikin ruwan, kuma mun ga yadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Sai gwarzon, BDD, lu'ulu'un ƙira da aka cuɗa da boron. Shi kam ƙone maganin yake kusan ƙurmus, amma tsada, ga shi in ruwa na da gishiri yana haifar da wata gubar daban. Na jami'a ne da manyan kamfanonin magani.

Kafin ka biya kuɗin MMO ka tambayi kaurin shafen, da wutar da zai ci, da ko za a iya juya wayoyinsa don farar ƙasa ta saki in ta kama shi, don ba kowane MMO ke jure juyi ba. Tankin kuma a waje za ka ajiye, iskar haidirojin mai saurin kama wuta yake fitarwa, ashana ɗaya ta isa.